Abin da ya hana Kiristocin Khartum cin jibi a teburi ɗaya

A bakin kogin Nilu a Khartum akwai majami'ar Saint Matthew ta Katolika, wadda aka kammala a 1908. Ba nisa da ita, dab da fadar gwamnati, akwai tsohuwar majami'ar All Saints ta Anglikan, wadda aka keɓe a 1912, gwamnatin Numeiri ta karɓe ta a 1971, daga baya aka mayar da ita gidan tarihi, masu ita suka koma unguwar Amarat. Ikilisiyoyin nan biyu kowace Lahadi suna ɗora gurasa da ƙoƙo a kan bagade, suna karanta kusan kalmomi iri ɗaya. Amma dokar Katolika ba ta yarda ɗanta ya karɓi jibi a hannun limamin Anglikan ba, ba ta kuma yarda fada ya miƙa wa ɗan Furotesta ba, sai a wani hali na matsi. Musulmi da yawa, har da Hausawan Sudan da suka daɗe suna maƙwabtaka da su, suna ɗauka Kirista duk ɗaya ne. A kan wannan gurasa kuwa, an fi shekara 400 ba a daidaita ba.

Asalin ibadar babu gardama a kai. Linjila ta ba da labarin cewa a daren da za a kama Yesu ya ci jibi da almajiransa, ya gutsuttsura gurasa ya ce jikinsa ce, ya miƙa musu ƙoƙon ruwan inabi ya ce jininsa ne, ya umarce su su riƙa yin haka don tunawa da shi. Gardamar tana kan abin da yake nufi.

Katolika sun ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. A koyarwarsu, da zarar fada ya furta kalmomin keɓewa, ainihin gurasar ya juya ya zama jikin Almasihu, ruwan inabin ya zama jininsa, sai dai kamanni da ɗanɗano da ƙamshi suna nan yadda suke. Babban taron Lateran na 1215 ya sa wannan a rubuce, taron Trent ya ƙara ɗaure shi a 1551. Wanda ya gane wannan zai gane sauran ɗabi'unsu. Shi ya sa ake adana ragowar gurasar a wani akwati mai kulle da fitila tana ci kusa da shi dare da rana, shi ya sa mai shiga coci yake durƙusawa ta wajen, shi ya sa ake kame baki na awa ɗaya kafin karɓa, wanda ya san yana ɗauke da babban zunubi kuma sai ya je ya yi ikirari a gaban fada tukuna. Sun kuma yi imani cewa wannan sujada hadaya ce, don haka sai firist da bishop ya naɗa ne zai iya miƙa ta.

Furotesta ba su da baki ɗaya. A watan Oktoban 1529 sarkin Hesse, Philip, ya tara Martin Luther da Ulrich Zwingli a garin Marburg na Jamus don su haɗa kai. Sun amince da batutuwa 14 cikin 15, suka watse a kan na ƙarshe, wato jibi. Luther ya tsaya kai da fata cewa Almasihu yana nan da gaske a cikin gurasar, ko da yake gurasar ba ta daina zama gurasa ba. Zwingli ya ce alama ce da tunawa, kamar zoben da miji ya bar wa matarsa kafin ya yi tafiya: tana darajanta shi, amma ta san zoben ba shi ne mijin ba. John Calvin ya bi ta tsakiya, ya ce mai bi yana cin Almasihu a ruhu ta wurin bangaskiya. Anglikan kuwa, a ƙa'ida ta 28 cikin ƙa'idojinsu 39, sun ƙi koyarwar juyewar ainihi, amma sun bar fili mai faɗi, har za ka sami wanda ya kusa zama Katolika da wanda ya kusa zama Zwingli a benci ɗaya.

Mishan ne suka shigo da wannan saɓani Sudan. Katolika sun iso Khartum a 1848, a nan ne kuma Bishop Daniel Comboni ya rasu a 1881. Bayan faɗuwar daular Mahadi, Llewellyn Gwynne na mishan ɗin Anglikan ya iso a 1899, 'yan Presbiteriya na Amurka suka biyo baya a 1900. Turawan Ingila sun hana wa'azi a cikin Musulmin arewa, suka yanka kudu gida-gida: Bahar al-Ghazal ga Katolika, yankin kogin Sobat ga Amurkawa, wani sashe ga Anglikan. Mutum ya zama ɗan ɗariƙar da aka ba garinsu, ba don ya auna hujjar Luther da ta Trent ba. Mu ma a Najeriya muna da dangantaka da labarin. Mishan ɗin SUM da ta fara aiki a Wase a 1904 ita ce ta shiga tsaunukan Nuba, SIM kuma, uwar ECWA, ta shiga Sudan a 1937.

Yaƙin basasa da ya sake tashi a 1983 ya rushe waɗancan iyakoki. Mutanen kudu da na Nuba suka kwararo Khartum da Omdurman, suka cika Mayo da Jabal Auliya da Wad al-Bashir da Darus Salam. Wanda aka yi wa baftisma a Wau ya zama maƙwabcin wanda aka yi wa a Malakal, aka yi auratayya, aka haifi 'ya'ya. Nan ne maganar malaman Turai ta shigo tsakar gida. Miji Katolika, mata 'yar Presbiteriya, su je coci tare ranar Kirsimeti ko ranar jana'iza, lokacin jibi ɗaya ya tashi, ɗaya ya zauna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da suka sha yunwa ɗaya da gudun hijira ɗaya.

Har kayan jibin ma akwai magana. Dokar Katolika ta ce dole gurasar ta zama ta alkama zalla, abin shan kuma giyar inabi ta gaske. Kisra, wainar dawa da Basudane ke ci kullum, ba ta yi, karkade, wato zoɓo, shi ma bai yi. A ƙasar da Numeiri ya haramta barasa a watan Satumban 1983, aka ɗauki shekaru har zuwa 2020 kafin a sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba, wannan sharaɗi nauyi ne. Furotesta da yawa tuni suka koma ruwan inabi marar maye, al'adar da ta bazu bayan wani ɗan Methodist a Amurka, Thomas Welch, ya gano yadda za a hana shi tsami a 1869.

An yi ƙoƙarin sulhu. A 1971 kwamitin malaman Katolika da Anglikan ya sanar a Windsor cewa sun cimma matsaya mai ƙarfi a kan ma'anar jibi. Abin da ya tokare shi ne hukuncin Fafaroma Leo na 13 na 1896, wanda ya ce naɗin limaman Anglikan bai inganta ba. A Sudan kuwa zumunci ya yi nisa, domin Katolika da Kibɗawa, wato mabiya tsohuwar ikilisiyar Masar, da Furotesta suna zaune a Majalisar Coci-cocin Sudan tun shekarun 1960. A watan Fabrairun 2023 Fafaroma Francis da shugaban Anglikan na lokacin, Justin Welby na Canterbury, da shugaban Cocin Scotland, Iain Greenshields, sun je Juba ta Sudan ta Kudu tare, suka yi addu'a tare, washegari Fafaroma ya yi tasa sujadar jibi irin ta Katolika.

Ban yarda da masu cewa wannan duk taurin kan malamai ne ba. Wanda ya gaskata cewa Ubangijinsa ne a tafin hannunsa ba zai miƙa shi ga wanda ya ce alama ce kawai ba, wanda kuma yake ganin durƙusa wa gurasa kuskure ne ba zai yi shi don kunya ba. Kowanne yana kare abin da ya ɗauka gaskiya ne, ya kuma cancanci a saurare shi.

Sai dai yaƙin da ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sauya lissafi. Dakarun RSF sun mamaye majami'ar All Saints ta Amarat, an kai hari cocin Mar Girgis na Kibɗawa a unguwar Masalma ta Omdurman, limamai da fastoci da yawa sun gudu tare da jama'arsu. Dokar Katolika da kanta, a sashe na 844, ta buɗe ƙofa: in akwai haɗarin mutuwa ko matsi mai tsanani, fada zai iya ba ɗan Furotesta jibi, muddin ba zai iya kaiwa ga fastonsa ba, shi ya roƙa da kansa, ya kuma gaskata abin da Katolika suka gaskata game da gurasar. Tantance wannan matsi yana hannun bishop. In halin da Khartum ta shiga bai kai matsi mai tsanani ba, ban san wanda zai kai ba. Ya kamata shugabannin ikilisiyoyin birnin su zauna, su fayyace wa jama'a wannan doka a fili da Larabcin da kowa ke ji, domin mai jinya da mai jiran mutuwa su san abin da ya halatta su roƙa.