Filin Mata: Mai Ciki Da Ruwan Zafi

Yau zancenmu a kan wanka ne.

A unguwarmu Kabara, cikin birnin Kano, akwai wata yarinya mai cikin fari, wata bakwai. Da hunturu ya kama sai a kan dafa mata ruwa kowace safiya. Ran nan ta shiga makewayi, ta kwarara ƙwarya biyu a ka, sai aka ji faɗuwarta. Aka tarar tana makyarkyata, idanu sun kafe. Tsofaffi suka ce mutanen ɓoye ne, aka yi hayaƙi. Bayan kwana uku abin ya sake, a makewayin dai, da ruwan zafin dai.

To, ku sani akwai wata irin farfaɗiya wadda ba ta tashi sai ruwan zafi ya sauka a kai. Wani likita mai suna Allen ya fara bayyana ta a ƙasar Niyu Zilan cikin 1945. Inda ta fi yawa kuwa kudancin Indiya ne, don su ma ɗiba su ke yi su sheƙa a ka kamar mu. Cikin 1988 likitocin birnin Bangalo sun ba da labarin mutum 279 masu ita. Waɗansu, sirka ruwan kaɗai ya isar musu.

Amma ku natsu a nan. In mai ciki ta faɗi, kada kowa ya yanke hukunci a gida, domin akwai jijjiga wadda hawan jini ke kawowa, ita kuwa tana kashe uwa da ɗa. Ido ba ya rarrabe su, ko na ungozoma. Ku kwantar da ita ta gefen hagu, ku janye ruwan, kada ku cusa mata cokali a baki ko ku ɗura mata wani abu. Ran nan ku kai ta asibiti a auna jini da fitsari. Asibitin Murtala ga shi nan Ƙofar Mata, ba nisa.

Yarinyar nan an auna ta, ba jijjiga ba ce. Likita ya ce ruwa mai ɗumi kawai, kada a zuba a ka, kada kuma ta kulle ƙofa. Abin bai sake ba. Saura rigimar wankan jego, don kakarta ta riga ta sayi itacen kwana arba'in, ta ce ba likita ya haifa mata jika ba.