Ƙarin sifirin: Me ya sa tsofaffin motocin iyakar Bagudo ke ɗaga baya?

Duk wanda ya bi hanyar Kaoje zuwa Tsamiya, garin da ke fuskantar Segbana ta Jamhuriyar Benin, zai lura da tsofaffin akori-kura waɗanda bayansu ya ɗara gabansu tsawo idan ba kaya. Daga cikinsu akwai Peugeot 504, wadda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya daɗe yana harhaɗawa a baya. Wannan tsawo aikin makanikai ne.

Sifirin ɗin baya jerin falle-fallen ƙarfe ne da aka ɗora bisa juna, aka ɗaure su da gatarin mota. Lanƙwasarsu ce ke riƙe tsawon motar, tana kuma shanye girgizar ramuka. Shekaru da nauyin buhunan hatsi sukan miƙar da ita, sai bayan mota ya zauna, fitilun gaba su koma haska idon mai tahowa.

Gyaran iri biyu ne. Ko dai a kwance fallayen a mayar musu da lanƙwasarsu, ko a ƙara falle ɗaya ko biyu. Na farko yana dawo da tsawon asali ba tare da taurara motar sosai ba. Na biyu yana ɗaga ta, amma idan ba kaya sai ta riƙa tsalle, fasinja ya ji kowane rami a ƙugunsa, tayoyin baya kuma su rage kama ƙasa.

Akwai ƙa'idojin da ba a tsallakewa. Dole a gyara dama da hagu tare, in ba haka ba motar za ta karkace. Gasa falle da wutar walda yana kashe ƙarfin ƙarfen, ya sa shi saurin karyewa. Sannan a ƙara matse notunan da ke ɗaure sifirin da gatari bayan tafiyar farko.

Babban haɗarin shi ne ruɗin da ƙarin ke jawowa. Motar da ba ta zauna ba sai direba ya ɗauka za ta iya ƙarin lodi, alhali burki da taya da gatari suna nan yadda masana'anta ta yi su. Sifirin yana ɓoye nauyi ne kawai. Ranar da aka taka burkin gaggawa, nauyin zai bayyana kansa.