Dara a bakin iyakar Jibiya: Yadda za a ba ɗan koyo rata ba tare da an ɓata wasa ba

Jira ba baƙon abu ba ne a Magamar Jibiya. An rufe iyakar a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. Ko yanzu, direban da zai wuce Ɗan Isa ya nufi Maraɗi yakan share sa'o'i yana jiran takardu.

Inda jira ya yi tsawo kuwa, dara kan samu wuri. Ba ta buƙatar komai: a tona gurbi 30 a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Wannan ya ɗauki tsakuwa 12, wancan ya karya tsinke 12.

Matsalar ita ce 'yan wasan ba sa zama tsara. Dattijon da ya shekara 30 yana dara zai iya gamawa da yaron mota kafin shayi ya huce. Aka yi haka sau biyu, sau uku, yaro ya karkaɗe riga ya koma kan wayarsa, gwani kuma ya rasa abokin karawa. Ta haka wasa ke mutuwa.

Yadda wasu suka warware

Akwai wani wasan allo na Yaƙin Duniya na Biyu mai suna Axis & Allies, wanda Ba'amurke Larry Harris ya ƙirƙira, kamfanin Milton Bradley ya fitar da shi kasuwa a 1984. Ana fara shi daga shekarar 1942: Jamus da Japan a gefe guda, Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet a ɗaya gefen. Da yake an bi tarihi, ƙawancen ƙasashen uku sun fi samun kuɗin shiga, kuma a hannun gwanaye su suka fi yin nasara.

Masu wasan ba su jefar da allon ba. Wata doka ta hana Sobiyet kai hari a zagayen farko. Daga baya suka fito da dabarar da ɗan kasuwar Jibiya zai gane nan take, wato ciniki. Kafin a fara, wannan zai ce zai riƙe ɓangaren Jamus idan an ƙara masa kuɗin sayen sojoji kaza, wancan ya ce shi zai riƙe da ƙasa da haka. Wanda ya nemi ƙari mafi ƙanƙanta shi ke ɗaukar ɓangaren mai rauni. Babu mai kukan an cuce shi, tunda da bakinsa ya yi tayi.

A wasan Go na China da Japan, ana barin mai rauni ya fara jera duwatsu daga 2 har zuwa 9. A wasan ces kuwa, gwanin Amurka na ƙarni na 19, Paul Morphy, ya sha cire dokinsa ɗaya daga allo kafin ya kara da waɗanda ba su kai shi ba.

To a dara fa?

Abu na farko da zai zo wa mutum shi ne a rage wa gwani 'ya'ya. A lissafi hakan yana da ma'ana. Wanda 'ya'yansa suka koma biyu ya faɗi, domin ba zai iya jera uku ba. Ke nan mai 12 sai an ci masa 10, mai 10 kuwa takwas sun isa.

Amma akwai tarko. Idan kowa ya zuba 12, gurbi shida ne kawai ke zama fanko. Aka cire wa gwani biyu, fanko ya zama takwas, kuma sarari shi ne abincin gwani. Da shi yake shirya irin jerin nan da zai riƙa kai ɗa guda yana komowa da shi, kowane motsi da ci. Wanda ya taɓa faɗawa wannan hali ya san cewa yawan tsakuwa ba ya ceto.

Shi ya sa a ganina ratar da ta fi amfani ita ce wadda ta shafi lokacin zubi, domin a nan ake cin dara tun kafin a motsa ɗa ko ɗaya. A bar ɗan koyo ya zuba biyu a jere da farko, ya kama tsakiya, inda kowane gurbi ke da maƙwabta huɗu, saɓanin kusurwa mai biyu. Ko kuma a yarda cewa jerin ukun farko da gwani ya yi ba zai ci komai ba. Wannan ta biyun ta fi nauyi ƙwarai, don haka ta fi dacewa da sabon shiga.

Wace rata ce ba ta da amfani? Ta tausayi. Gwani ya ga ci ya kau da kai, ko ya bari a mayar da ɗan da aka riga aka motsa. Yaro yana ganewa, kuma nasarar da aka ba shi sadaka ba ta koya masa komai. Rata kafin a fara ake yanke ta, a gaban 'yan kallo, daga nan kowa ya yi wasa da iyakar ƙarfinsa.

Sai batun girman kai, wanda shi ne ya fi wuya. Magidanci ba zai so a ce an ba shi rata a gaban yaransa ba. A nan cinikin masu Axis & Allies zai yi aiki: maimakon gwani ya ce "na ba ka biyu", sai a tambaya wa zai iya wasa da 11, wa zai iya da 10. Ragin ya zama abin bugun ƙirji.

Kuma kada ratar ta tsaya wuri guda. Idan mai karɓa ya ci sau uku a jere, a rage ta da mataki ɗaya. Idan ya sha kashi sau uku, a ƙara. Direbobin da ke haɗuwa a wannan hanya mako-mako za su iya riƙe lissafin a ka, su ci gaba daga inda suka tsaya a wancan zuwan.