Awon Jini Domin Gano Ciwon Dajin Bayan Hanci

Bayani ga Hakiman Kankiya da Kusada da Malamansu

Akwai wani kogo a bayan hanci, bisa ganɗa, inda hanci da maƙogwaro suka haɗu. Ciwon daji yakan tsiro a nan. Da yake wurin a ɓoye yake, sau da yawa ba a farga sai ciwon ya yi nisa. Ya fi yawa a kudancin Ƙasar Sin da Afirka ta Arewa, amma likitocin Nijeriya ma suna gamuwa da shi.

Alamominsa

Alamar da aka fi gani ita ce kaluluwa a gefen wuya, mai tauri, marar zafi, wadda ba ta sacewa. Sauran su ne toshewar kunne ɗaya, da toshewar hanci, da yawan haɓo, da ciwon kai mai naci, da ganin abu bibbiyu. Tarin fuka ma yakan kawo kaluluwa a wuya, saboda haka likita kaɗai ke iya rarrabewa.

Yadda jini ke ba da labari

A 1964, a London, Epstein da Barr da Achong suka gano wata ƙwayar cuta a cikin tsokar ciwon da Likita Burkitt ya aiko musu daga Uganda. Ana kiranta Epstein-Barr. Tana yaɗuwa ta miyau, fiye da mutum 90 cikin 100 na manya kuwa suna ɗauke da ita ba tare da wani lahani ba. Amma a jikin wasu kaɗan takan taimaka wajen tsirowar wannan ciwo.

Awon iri biyu ne. Na farko, neman garkuwar da jiki ke yi don yaƙar ƙwayar. Tun 1966 aka lura tana da yawa a jinin masu ciwon. Na biyu, neman ɓurɓushin ƙwayar kanta, wanda ciwon ke zubarwa cikin jini. Farfesa Dennis Lo na Hong Kong shi da abokan aikinsa suka nuna haka a 1999.

A 2017 aka ba da sakamakon wani babban gwaji a Hong Kong. An auna maza 20,174 masu shekara 40 zuwa 62, waɗanda ba su da alamar ciwon. Aka sami ɓurɓushin a jinin 1,112. Bayan kamar mako huɗu aka sake aunawa, sai ya zama saura 309. Da aka bincike su, aka sami ciwon a jikin 34. Kashi 71 cikin 100 na waɗannan an kama nasu tun yana ƙarami, alhali a da kashi 20 kaɗai ake samu haka.

Wannan lissafi ya nuna abu biyu. Awon yana tona ciwon da wuri. Amma kuma ba duk wanda aka ga alama a jininsa ke da shi ba. Tabbaci ba ya samuwa sai likita ya leƙa bayan hanci da na'ura, ya tsinko 'yar tsoka an duba. Awon jinin aikin manyan ɗakunan bincike ne, kada jiransa ya hana kowa zuwa asibiti.

Abin da ake roƙon Hakimai

A sanar da dagatai da masu unguwa cewa duk mai kaluluwar da ta wuce mako uku, ko mai toshewar kunne ɗaya tare da haɓo, ya tafi Babban Asibitin Kankiya. Daga nan, in da bukata, za a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko na Malam Aminu Kano a Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya.

A gargaɗi wanzamai kada su tsaga irin wannan kumburi, kada su yi masa sakiya ko ƙaho. Yin haka ɓata lokaci ne, yana kuma jawo ruɓa.

Malaman Hakimai su riƙa rubuta ranar da aka tura mutum, su bi sawu ko ya isa. A kuma faɗa wa jama'a ciwon kansa ba a ɗaukarsa, kada a ƙyamaci mai shi.

Wannan ciwo yana jin gashi na na'urar asibiti ƙwarai, wanda aka kama nasa da wuri galibi yakan warke. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.