Danshi a ƙasan mota: yadda za mu gano inda ruwa ke shigowa

Duk wanda ya yi Umara ko Hajji ta hanyar Madina ya san Bi'ir Ali, wato Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina. Nan muke wanka mu ɗaura harami, sannan mu shiga mota mu kama hanyar Makka, tafiyar sama da kilomita 400, gilasai a rufe, esi a kunne. Iskar cikin motar ita za mu yi ta shaƙa awa huɗu ko biyar. Idan kafet ɗin ya jima da danshi, tsofaffinmu da yara da masu ciwon asma su ne za su fara jin jiki.

Me ya haɗa danshi da lafiya?

Abu mai danshi yakan fara fumfuna cikin awa 24 zuwa 48. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan danshi da fumfuna a cikin gine-gine, inda ta danganta su da tari, toshewar hanci da tashin asma. Cikin mota kuwa bai kai ɗaki faɗi ba. Fesa turare warin kawai yake rufewa, ga shi mai harami ma nisantar turare yake yi. Maganin shi ne a gano inda ruwan yake fitowa.

Mu fara da tambayar wane irin ruwa ne

A danna farin tishu ko farin ƙyalle a wurin da ya jiƙe, a duba launi, a sansana.

Idan ba launi ba wari, kuma a wajen ƙafar fasinjan gaba yake, mai yiwuwa ruwan esi ne. Madina gari ne mai ƙarancin ruwan sama, don haka wannan muke fara zargi. Esi yana tatso ruwa daga iskar cikin mota, har da numfashin fasinjoji, ya zubar da shi ƙasa ta wani ɗan tiyon roba. Ƙura kan toshe tiyon, sai ruwan ya koma ciki.

Idan yana da launi, kore ko ja-ja ko ruwan lemo, ga santsi a yatsa da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, to ruwan lagireto ne ke yoyo daga hitar da ke bayan dashbod. Sau da yawa gilashin gaba kan yi hazo mai maiƙo, ruwan da ke tankin ajiya kuma yana raguwa. Kada a ɗanɗana. Guba ne mai lalata ƙoda, kuma zaƙinsa na jan yara. Wanda ya sha, a kai shi asibiti nan take. Gyaran wannan aikin bakanike ne, kuma kada a buɗe murfin lagireto injin na da zafi.

Kafin mu zargi motar, mu duba kayanmu. Jarkar Zamzam da murfinta bai ɗauru ba, buta, ko kular ƙanƙara a but, duk suna jiƙa kafet. A ɗaga safayar taya a leƙa raminta, domin ruwa kan kwanta a nan ba wanda ya sani.

Gwaji biyu

Na farko na esi ne. A faka a busasshen wuri, a fili, a kunna esi kamar minti 15, a leƙa ƙarƙashin motar. Iskar Madina busasshiya ce, ɗigon ba zai yi yawa ba. Amma idan babu ko ɗigo a ƙasa, kafet kuma yana ƙara jiƙa, tiyon ya toshe. Bakanike kan buɗe shi da iska cikin ɗan lokaci.

Na biyu na ruwan waje ne, idan danshin yana bayyana bayan wankin mota ko ruwan sama. Zafin rana a Madina kan haura digiri 40 a lokacin zafi, yana busar da robar ƙofa da ta gilashi har su tsage. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, ɗaya ya riƙa zuba ruwa a hankali daga waje. A fara daga ƙasan ƙofa a yi sama, ana ba kowane wuri minti biyu ko uku. Wanda ya fara daga rufi ba zai san ta ina ruwan ya shiga ba, domin ruwa kan bi ƙarfe ya yi nisa kafin ya ɗiga. A duba ƙananan ramukan da ke ƙasan ƙofa, da magudanar da ke ƙarƙashin waifa, da ta rufin gilashi in akwai. Yashi da ganye ne ke cika su.

Bayan gyara

Saman kafet kan bushe alhali soson da ke ƙasansa yana riƙe da ruwa, ga wayoyin lantarki suna bi ta nan. A ɗaga shi, a buɗe ƙofofi, a bar rana ta yi aikinta kwana ɗaya ko biyu. Mai gogewa ya sa takunkumi da safar hannu, mai asma kuma ya bar wa wani. Soson da ya yi baƙi a canza shi, haka ma matatar iskar esi.

'Yan uwanmu na gida, a Nima ko Sabon Zongo na Kumasi, inda damina ke da ƙarfi, su fara da gwaji na biyu. Alhaji ko Hajiya mai asma kuwa, ya riƙe maganin shaƙarsa a hannu maimakon cikin akwati, in ya ji warin ruma a mota ya gaya wa direba tun kafin a bar miƙati.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya karɓi ibadunmu.