Kafin Ka Sayi Tsohuwar Land Rover ta Soja

A garejin bakin hanya na unguwar Sakasaka a Ghana, idan aka ambaci tsohuwar Land Rover da sojoji suka sayar a gwanjo, makanikai kan fara da tambaya ɗaya: batirinta nawa? Yawancin waɗanda aka ƙera wa sojojin Birtaniya don ɗaukar rediyon sadarwa suna aiki da wuta mai bolt 24, batir biyu a haɗe, alhali motocin gari bolt 12 ne. Wanda ya saka mata ƙwan fitila ko sitata na motar gari, zai iya ƙone shi, ya koma yana zargin injin da bai yi laifin komai ba.

Sai sitiyari. Tun 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, kuma doka ta hana shigo da mota mai sitiyari a dama, wanda da yawa daga cikin motocin Ingila suke da shi. A duba wannan kafin a biya kuɗi.

A hanyar jar ƙasa lokacin damina, inda laka ke riƙe tayoyi, nan take nuna kanta: a saka ƙaramar giya, a kulle tsakiya, a tafi a hankali. Da an hau kwalta kuwa, a saki makullin, domin barinsa yana cinye giyabos.

An daina ƙera tsohuwar Land Rover samfurin Defender a 2016, don haka wasu kayan gyaranta sai an aika kasuwar kayan gyaran motoci ta Suame Magazine a Kumasi.