Tukunya mai sheƙi: yadda ake zaɓen launi da shafa gilez a jikin tangaran

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Ku ciro naira 20 ku juya bayanta. Matar nan da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, kuma ita ce mace ta farko da aka ɗauka a wurin. Gini dai ta iya shi tun daga gida, irin na Gbagyi. Abin da ta tarar a cibiyar shi ne wuta mai tsananin zafi da kuma wannan sheƙin da ke jikin kofin shayi da farantin tangaran, wanda masu sana'ar ke kira gilez. A kansa za mu yi magana yau, don na ga matasa da dama sun fara sha'awar sana'ar, wasu har suna yin odar gilez ta intanet ba su san abin da ke cikin robar ba.

Da farko, gilez ba fenti ba ne. Fenti bushewa yake yi. Gilez kuwa garin duwatsu ne da ake damawa da ruwa, a shafa wa tukunya, a sa a wuta ya narke ya koma gilashi a jikinta. Abu 3 ne ginshiƙinsa. Akwai silika, sinadarin da ke cikin yashi, shi ne gilashin kansa, amma shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700. Don haka ake haɗa shi da abin da zai sauko da wannan zafin, kamar dutsen felsfa ko garin farar ƙasa ko tokar itace. Na ukun shi ne alumina, wadda ake samu a farin yumɓu irin na Ƙanƙara a jihar Katsina. Ita ke riƙe gilashin kar ya kwarare ƙasa kamar zuma.

To, ta ina ake fara zaɓe? Yawancinmu launi muke fara dubawa, alhali tambayar farko ita ce: wutarka nawa take kaiwa? Gashin gargajiya da ake yi a fili da itace da ciyawa yawanci bai wuce digiri 600 zuwa 900 ba. Gilez na ƙaramar wuta yana son kamar 1,000 zuwa 1,100, na babbar wuta kuma 1,200 zuwa 1,300, kuma duka biyun sai da tanderu rufaffe. In ka shafa na babbar wuta ka gasa a ƙarama, zai fito garau-garau kamar busasshen kunu. In ka kai yumɓun ƙaramar wuta babbar wuta, tukunyar ce da kanta za ta lanƙwashe ko ta narke. Dole yumɓu da gilez da tanderu su zama bakinsu ɗaya.

Tambaya ta biyu: me za a yi da abin? Randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsattsafo, iska na busar da danshin tana tafiya da zafi. Ka shafa mata gilez, ka toshe ƙofofin, ruwa ya daina sanyi. Tulunan Ladi Kwali da aka yi wa gilez ma ai kayan ado suka koma. Haka tukunyar miya da ake ɗorawa a murhu, ta gargajiya ta fi jure harshen wuta. Gilez na kofi ne da faranti da kwano da butar shayi da kayan ƙawa.

Yanzu launi. Ana samun sa ne daga ƙarafa, kuma kaɗan ake sawa. Sinadarin ƙarfe, wato ɗan'uwan tsatsa, yana ba da ruwan zuma ko ruwan ƙasa, in ya kai kashi 8 zuwa 10 cikin 100 sai ya koma baƙi-baƙi mai sheƙi. Kobal yana ba da shuɗi, kuma yana da ƙarfi sosai, rabin kashi 1 cikin 100 ma ya isa a gani. Tagulla tana ba da kore. Kuza tana sa gilez ya yi fari ya rufe launin yumɓun da ke ƙasa. Abin mamakin shi ne iskar cikin tanderu ma tana canza launi. Tagullar da ta ba da kore a tanderun lantarki, in aka gasa ta a na itace ko gas aka rage iska, ja take komawa. Ƙarfe kaɗan a irin wannan wutar kuma sai ya ba da kore mai haske. Shi ya sa launin da ke cikin bokiti ba ya gaya maka komai: ruwan toka-toka na iya fitowa shuɗi shar. Maganin wannan shi ne gwaji. Ka yi 'yan ƙananan fale-fale da yumɓunka, ka rubuta lamba a bayan kowanne, ka shafa, ka gasa, ka ajiye littafin da kake rubuta awon.

Nan ne nake so ku natsu. Wasu gilez na ƙaramar wuta da dalma ake haɗa su, don tana narkewa da wuri tana ba da sheƙi mai kyau. Ja da ruwan lemo masu ɗaukar ido kuma sau da yawa akwai kadmiyom a ciki. Abu mai tsami, irin kunun tsamiya, zoɓo, nono ko miyar tumatir, yana iya jawo waɗannan guba daga jikin kwano zuwa cikin abinci. Mu a Arewa mun san dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, ta hanyar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma yaron da ya tsira ma tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har girmansa. Saboda haka duk gilez ɗin da ba a rubuta cewa babu dalma kuma ya dace da abinci ba, kar ya shiga cikin kofi ko kwano. Akwai gwajin gida: ka ɗora yankin lemon tsami a kan abin ya kwana. In launin wurin ya canza, a mayar da shi tukunyar fulawa. In bai canza ba, wannan bai zama shaidar cewa babu dalma ba, ɗakin gwaji ne kaɗai zai tabbatar.

Sai shafawa. Ana fara gasa tukunyar sau ɗaya, wajen digiri 900 zuwa 1,000, ta yi ƙwari amma tana shan ruwa. Ka goge ƙura da soso mai danshi, kar ka taɓa ta da hannu mai maiƙo, don gilez ba ya kama wurin, zai tattare ya bar fili. Ka dama gilez sosai ka tace da rariya, kaurinsa kamar madara mai ɗan kauri. In kofi ne, fara da ciki: zuba, juya, zubar. Sannan ka tsoma bayan na daƙiƙa 2 zuwa 3. In da buroshi ne, shafi 2 ko 3, kowanne ya bushe kafin na gaba. Kaurin da ake nema a jiki kamar na katin ATM ne. In ya yi yawa zai zubo, in ya yi kaɗan launin ba zai fito ba. Gindin kuwa a goge shi tas, ko a shafa masa kakin zuma tun farko, in ba haka ba zai manne da tanderu sai an fasa. Kayan ma kar su taɓa juna a ciki.

Bayan gashi a bar tanderu ya huce da kansa, ko da zai kwana. In ka ga ƙananan tsagu kamar yanar gizo-gizo a jikin gilez, alama ce shi da yumɓun ba su tsuke tare ba wajen hucewa. Irin wannan yana ɓoye datti, bai dace da abinci ba. Kuma don Allah, garin gilez ba abin shaƙa ba ne, ƙurar silika tana lalata huhu. A sa takunkumi mai kyau, a goge wuri da ruwa maimakon shara, a hana yara wasa a wurin.

Mai son koyo da gaske, sashen zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana da ɓangaren tangaran. Mai son farawa daga gida kuma ya fara tara tokar murhu yana tacewa, don ita ma kayan aiki ce.

Ku turo wa wanda kuka san yana sana'ar, musamman iyayenmu mata magina tukwane. Tambayoyinku kuma muna jira. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.